Na Biya Gidan Lyon da Kuɗin Makkarki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Rabi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi, ina fatan makwancinki na Damagaram ya yalwata. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike, amma ba ni da wanda zan faɗa wa wannan sai ke.

Inna, na taɓa kuɗin Makkarki. Ranar Talata na kwashe su kaf, na biya sauran bashin banki na gidan nan na Lyon.

Tun ina ɗalibi a Paris, ina dakon akwatunan kifi a kasuwar Rungis, na fara tara miki su. Da na samu aiki a Lyon, wata ma'aikaciyar banki ta nuna mini wani asusu: a zuba kuɗi a hannun jari, in sun shekara biyar ba a taɓa ba, gwamnati ba ta cire lanho, wato haraji, a ribar. Na ga kaina mai wayo, ɗan boko.

Shekarar da kika ce gwiwoyinki sun fara gardama, a biya miki kujera bana, saura wata bakwai wa'adin ya cika. Na tsaya a waya ina yi miki bayanin lanho, ke da ba ki taɓa taka banki ba. Kika ce, "To Haruna, kai ka san takardunku. Allah ya kai mu baɗi." Ba ki sake tayar da maganar ba.

Baɗin ta zo, ba ta same ki ba.

Limamin unguwarmu ya ce ana iya yi miki aikin hajjin in na fara sauke nawa. Na riƙe wannan, da shi nake rarrashin kaina shekara shida. Sai bana aka rage ma'aikata, sunana ya fito. Wasiƙun banki suka fara zuwa. Surukarki Hadiza sai dai ta dubi jikokinki uku, ta dube ni.

Da na sa hannu, matar bankin har murna ta taya ni, wai ko sisi ba a cire na lanho ba. Na duba abin da jiran nan ya tsirar mini. Wallahi Inna, bai kai kuɗin jirgin zuwa jana'izarki ba, wadda ban ma samu ba.

Yara suna ta tsalle gida ya zama namu. Ni kunya nake ji. Shekarata hamsin da ɗaya, ba aiki, ban ga ta inda zan sake tarawa ba. Sau biyu ke nan na hana ki Makka, kuma na biyun ina sane.

Allah ya jiƙanki, ya rubuta miki ladan niyyarki cikakke, don ke kin shirya, ni na tsayar da ke. Ki yafe mini, Inna.

Ɗanki,
Haruna