Turaren Gwaggo da Ɓerayen Riyad

Malaz, Riyad

Zuwa ga mai girma Gwaggo Sabuwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da ladabi na ɗa ga uwa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, Ya sassauta miki ciwon gwiwa. Na ji an sa ranar bikin ƙanwata Bilƙisu a ƙarshen watan gobe. Allah Ya sanya alheri.

Gwaggo, na ɗauki alƙalami ne domin in shigar da ƙara, kuma ke ce wadda ake tuhuma. Kin san abin da ya kawo ni ƙasar nan bincike ne a kan wani ɗan nama da ke bayan ƙashin ƙirjin ɓera, ana ce masa taimus, inda ƙwayoyin garkuwar jiki suke samun tarbiyya. Muna son mu tabbatar ko ƙwayoyin nan da kansu suna haɗa homon, wato sinadarin da ke kai saƙo cikin jiki. To, irin wannan sinadarin shi ne yake malalowa daga wani wuri idan ɓera ya firgita, sai awo ya rikice. Shi ya sa ake lallaɓa su kamar masu jego: ba ƙara, ba ƙamshi.

Sai ga kaftanin da kika aiko, wanda kika turara har zarensa ya ƙoshi. Na saka shi zuwa Juma'a, na biya in duba ɓerayena cikin alfahari. Wallahi Gwaggo, ƙamshin da ya sa dattawa juyowa a sahu, shi ya haukata bayin Allah nan, suka yi ta zagaye keji. Da muka auna, sakamakon ya fito kamar an zuba shi da ludayi. Mudir ɗinmu, wato shugabanmu Dakta Kamil, ya shinshina hannun rigata, ya tambaya ko ɗakin amarya na ɗauki wurin. Ya ce sai an sake daga farko, kuma ba zai sa hannu a bizar fita da dawowa ba sai sababbin ɓeraye sun kai munzali. Waɗannan manyan baƙi kuwa ko cikinsu ba a ɗauka ba tukuna! Na roƙe shi da Larabci, na roƙe shi da Turanci, ya ce bukra, wato gobe, in sha Allah.

Saboda haka bikin zai wuce ba ni, ni da na yi wa Bilƙisu alkawari tun rasuwar Baba cewa da bakina zan ba da aurenta. Na ɗauki waya sau da yawa in sanar da ita, na kasa. Hukuncinki shi ne ki faɗa mata, a hankali, bayan ta ci abinci. Kawu Maiwada ya tsaya a madadina.

Ki gaishe shi, da Inna Hajar, da Sadiƙ. Bilƙisu kuwa, ki ce zan kira ta ranar da ta yarda ta ɗauka.

Ɗanki mai biyayya, wanda yanzu sabulu kaɗai yake shafawa,
Nu'uman