Minsharin Laraba

Dar Salam, Omdurman
9 ga Maris, 2022

Ɗana Hazim,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Suhaila da yara, da zafin Bur Sudan.

Ka san ubanka. Da gudumar aro na shiga Mantiƙa Sinaiya, unguwar maƙera da kanikawa. Yau warsha, shagon walda, tawa ce, injin walda uku, ɗaki huɗu na jan bulo a unguwar laka, na kuma kai ka jami'a, ba wanda ya ba ni ko ƙusa. Ban saba roƙo ba, amma ka ara mini alƙalaminka, Larabcinka ya fi nawa.

Ranar Litinin na kai mahaifiyarka Laraba asibiti kan ciwon cikin nan. Aka ce sai an zura mata minzar, siririn bututu mai kyamara, ta baki. Suka yi mata allurar barci. Ba a yi minti goma ba numfashinta ya tsaya, leɓunanta suka yi baƙi. Yanzu inji ke taya ta numfashi. An ce masu haɗarin ɗaukewar numfashi akan sa musu oksijin mai ƙarfi ta hanci tun kafin allura, likitan barci na tsaye a kansu. Ita ba a yi mata ba. Wata sista Hala ce ta cike takardarta ta tambayoyin kafin allura. Ka rubuta ƙorafi da sunanta, a kore ta.

Ka gaida kowa.
Mahaifinka, Muhajir

13 ga Maris, 2022

Ɗana Hazim,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ƙorafinka ya iso, ya yi kyau. Ban miƙa ba.

Alhamdu lillahi, an cire wa mahaifiyarka inji. Ta gane ni, sai dai magana na yi mata nauyi, hannun dama bai riƙe kofin shayi.

Hazim, Hala ta yi tambaya. Ranar Litinin ɗin, kafin allura, a baranda ta same mu, maza cike da benci, har da wani da na yi wa ƙofa bara. Ta tambaya ko Hajiya na minshari, ko numfashinta na ɗaukewa cikin barci. Laraba ta juyo ta dube ni, don mai barci bai san barcinsa ba. Ni kaɗai na sani a duniya. Shekara talatin da ɗaya ina jin minsharin ya yanke, in zungure ta da gwiwar hannu, ta ja iska. Amma in tona sirrin ɗakina a gaban maza? Na ce babu. Yarinyar ta dubi jikin mahaifiyarka da kaurin wuyanta, ta sake tambaya. Na ɗaga murya, na ce na auri matar nan tun ita yarinyar ba a haife ta ba. Ta rubuta abin da na faɗa.

Da numfashin ya tsaya, ita Halar ce kuma ta ɗaga mata haɓa, ta yi ta matsa jakar iska har likita ya iso.

Jiya bayan azahar Laraba ta yi barci ina gefenta. Minsharin ya yanke. Wallahi ban san lokacin da gwiwar hannuna ta tafi ba. Na ɗago, ga Hala a bakin gado tana kallona. Ta matso. Ta ɗaga kan gadon, ta gyara robar hancin, ta fita.

Ni da na taɓa korar ma'aikaci don ya ce tukunyar oksijin cike take bai duba agogonta ba!

Ranar Talata kwamitin asibiti zai zauna, suna zargin ba ta tambaya ba. Na yaga ƙorafin. Ka rubuta wani yau, ka faɗi yadda aka yi, kada ka sassauta don ni ubanka ne. Inda ka sa sunanta ka sa nawa, cikakke, da manyan baƙaƙe kamar yadda yake a allon warsha. Duk abin da na yi a duniya ni kaɗai na yi shi. Wannan ma nawa ne.

Ka gaida Suhaila, ku yi wa mahaifiyarku addu'a.

Mahaifinka,
Muhajir Salih Nasidi