Gishirin Cikin Gora

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya ƙafar taki? Na san ba ki shan maganin, halinki sai ke.

Yaya, daga asibiti nake rubuto miki. Shekaranjiya baban yara ya sunkuya zai ɗauki buhun fulawa a gidan burodi, buhun da ya shekara goma sha ɗaya yana saɓawa kamar matashin kai, sai bayansa ya ce ƙas. A kan katakon jera burodi abokan aikinsa suka ɗauko shi. Likita ta nuna mini hoton: gaɓa biyu na ƙashin bayansa sun lotsa, ga kuma tsakuwa a ƙoda. Ta ce bai kamata ƙashin ɗan shekara arba'in ya yi kamar itacen da gara ta ci ba.

Ta tambaye ni yawan gishirin da yake ci. Na bugi ƙirji na ce shekara huɗu ke nan, tun da aka ce yana da hawan jini, miyata lami ce, har yara na kirana mai girkin marasa lafiya. Kuma gaskiya na faɗa.

Tsoro nake ji, Yaya. Ban sani ba ko zai sake miƙewa ya koma bakin wutarsa, mutumin da ko ranar hutu ba ya iya zama.

Ki sa mu a addu'a.
Ƙanwarki, Auta.

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku duka, saƙonki ya iso, Allah ya bar zumunci.

An gano ciwon. Wai akwai wani ɗan ƙullutu a saman ƙodarsa, bai kai ƙwayar gyaɗa ba, yana zubo wani sinadari fiye da kima. Sinadarin nan ke sa jiki ya riƙe gishiri, jini ya hau. Idan kuma gishirin ya yi yawa, sai abin da ke ƙarfafa ƙashi, kalsiyam ta kira shi, ya riƙa bin fitsari yana fita. Jiki kuwa sai ya koma yana yagar na cikin ƙashi don ya cike gurbi. Amma likitar ta ce lissafinta ya ƙi fita, domin gishirin da ta gani a fitsarinsa ba na mai cin lami ba ne. Sai ta dube ni.

Kin san masu aikin bakin wuta. Gumi suke yi kamar an jiƙa su, shi ya sa kowa ke zuba ɗan gishiri a gorar ruwansa don kada jijiya ta ɗaure. Tsohon da ya koya masa gashi shi ya koya masa wannan. Ni nake haɗa masa kullum da safe. Da ƙafarsa ta fara ɗaurewa, abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, na mai da shi rabin cokali. Ɗaurewar ta ƙaru, na cika cokalin. Bara na kai biyu. Ashe ciwon ne ke ɗaure masa jijiyar, ni kuma ina ta ƙara wa wuta itace.

Wallahi ban taɓa lissafa shi a gishiri ba. A wurina na tukunya shi ne gishiri, na gora magani ne. Ni da nake ganin na fi kowa kula da miji, har ina yi miki gori.

Na faɗa wa likitar a gabansa. Ta ce ba ni na sa masa ƙullutun ba. Shi kuwa cewa ya yi ai shi ya sha da bakinsa. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Jibi za a yi masa aiki.
Taki, Auta.

Zuwa ga Yayata,

Ina gaishe ki, ina gaida yara. Ki yafe shirun da na yi wata uku, hannuna ne ya ƙi ɗaukar biro.

An cire ƙullutun, jinin ya sauka, ƙafar ta daina ɗaurewa. Amma likita ta ce ƙashi a hankali yake mayar da abin da ya rasa, gaɓoɓin da suka lotsa kuwa sun lotsa ke nan. Ta hana shi ɗaukar abin da ya fi butar ruwa nauyi. Gidan burodi sun ɗauki wani, ban kuma ga laifinsu ba. Da na je kwaso kayansa na tarar da gorunan abokan aikinsa guda shida jere a kan taga. Na yi musu bayanin illar gishirin har muryata ta dushe. Babbansu ya ce Allah ya ba shi lafiya, ya ɗauki tasa ya kurɓa.

Jiya ya miƙe da kansa karon farko, ba sanda, ba dafa bango. Na taso da murna zan riƙe shi, sai na ga ina kallon tsakiyar kansa. Yaya, mutumin da ke sunkuyawa kafin ya shiga ƙofar ɗakina, yau na fi shi tsawo. Shi ma ya lura. Ya ɗaga kai ya dube ni, ya yi 'yar dariya, ya ce, "Auta, yaushe kika girma haka?"

Na ce masa na bar tukunya a kan wuta. Ban ɗora komai ba.

Ki zo, don Allah.
Ƙanwarki, Auta.