Finjalin da Baba Ya Kife

Madarumfa, 6 ga Afrilu 1994

Zuwa ga maigidana Baban Nafisa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da abokan aikinka a Kano. Yaya zafi, yaya kuma ƙafar nan taka mai kumburi in ka daɗe a tsaye? Mu nan lafiya lau. Nafisa ta fitar da haƙora biyu, ta addabe ni da cizo.

Na damƙa wa Lawali direba wasiƙar nan hannu da hannu. Ka karanta kai kaɗai, don Allah.

Maganar mahaifinka ce. Ka fi ni sanin Baba da shayi. Tun da ya koyo shi wurin Buzaye a Agadas, bai yarda wani ya taɓa masa buta ba. Kullum bayan la'asar sai ya hura gawayi a ƙofar gida, ya dafa koren ganyen nan na ƙasar Sin, naɗaɗɗe kamar ƙwayar kuɓewa. Dafuwa uku: ta farko mai ɗacin da ke ɗaure harshe, ta biyu da na'a-na'a, ta uku ruwan sukari da kanumfari. Finjalin farko kuwa, shekara talatin, na amininsa Baba Ishaya ne. Duk garin nan an san ko limami ne ya zo sai dai ya jira na biyu.

To, makon jiya Baba ya yi haɓo har sau biyu, jiri ya kusa kayar da shi a masallaci. Anfirme, malamin jinya na ɗakin shan magani, ya auna shi ya ce hawan jini ne, ya kai inda ake faɗuwa. Ya hana shi gishiri, ya hana shi shayi mai ƙarfi. Baba ya dawo yana dariya, wai yaron da aka yanke wa cibi jiya ne zai raba shi da butarsa.

Na je lambun Baba Ishaya a bakin tabki, tun da ya yi aiki a asibitin mishan, ya san waɗannan abubuwa. Ya ce ganyen geza, wanda 'yan Maradi ke kira kinkeliba, ba ya tsinka zuciya kamar shayi, ana ma cewa yana saukar da jini. Amma ya ja mini kunne: in kawo wa Baba a fili, in roƙe shi. Haba! Ni suruka, in tsaya gaban Baba in ce ya sha geza? Mutumin da ke kiranta ruwan wankin tukunya?

Ga abin da na yi. Idan Baba Ishaya ya kawo ƙunshin ganyen shayi daga kasuwar Maradi ran Litinin, kamar yadda ya saba in ya je coci ya kwana, ni ake ba in juye a gwangwani. Sai in ɗebi rabi in tafasa, in zubar da ruwan, in shanya a faifai bayan rumbu, in murje geza in haɗa, in mayar. Idon Baba ya yi rauni, bai gani ba. Harshensa dai bai yi rauni ba. Jiya na ji yana ƙorafi wai ganyen bana matacce ne, tun da aka karya darajar kuɗin sefa sai jabu ake kawowa. Kuma kansa na sara masa kwana uku ke nan, yana ta hamma kamar wanda bai yi barci ba.

Tsoro nake ji, amma haɓon ya tsaya. Ka gaya mini in na yi daidai.

Taka har kullum,
Ɗelu

Madarumfa, 24 ga Afrilu 1994

Maigida,

Ina gaishe ka, ina gaida masu masaukinka. Allah ya sa jiki lafiya. Na ga amsarka, layi huɗu cak, kamar ana sayar maka da tawada. Ka ce in daina, in kama bakina har ka dawo shuka. Na daina. Amma amsar ta iso a makare, kuma dainawar ce ta ƙara jagula komai.

Ciwon kan Baba ya yi tsanani, ga saurin fushi. Daga baya anfirme ya gaya mini haka jiki ke yi in an rage masa shayin da ya saba, kwanaki kaɗan ne ya wuce. Amma wa zai gaya wa Mamman mai faci haka? Ka san shi, ya daɗe yana jin haushin finjalin farko. Ran Alhamis a majalisa ya zazzage gwangwanin a tafin hannunsa, ya tsinto ɓarɓashin geza, ya ɗaga wa kowa ya gani. Ya ce wannan ba jabun kasuwa ba ne, hannu ne aka sa. Ya tambaya, wa ke kawo ganyen? Wa kuma ya san itatuwa da magunguna a cikinsu?

Ina bayan zana ina tankaɗe, komai a kunnena. Wallahi rariya ta faɗi daga hannuna.

Baba Ishaya ya karɓi ɓarɓashin ya sansana. Na tabbata nan take ya gane. Na ga ya ɗago ido ya dubi zanan da nake bayansa, sannan ya mayar da kai ƙasa. Baba ya tambaye shi sau uku ko ya san abin nan. Sau uku yana cewa shi dai bai taɓa nufin Inusa, wato Baba, da sharri ba.

Shayin ya riga ya nuna. Baba ya ɗaga buta sama ya tsiyaya, kumfa ta tashi, ya cika finjalin farko. Kowa na jira ya miƙa. Sai ya zubar a ƙasa gaban takalmin Baba Ishaya, ya kife finjalin a kan faranti. Tsohon nan ya tashi, ya karkaɗe rigarsa, ya yi sallama ya tafi. Babu wanda ya amsa masa.

Yanzu Mamman ne ke sayo ganye daga kasuwar Ɗan Issa, ni kuma na bi umarninka ban taɓa ba. Kwana biyu da komawar Baba shayi mai ƙarfi, kansa ya saki, ya miƙe garau. Ka ga abin da ya faru? Duk gari ya ce ga shaida: an raba shi da Ishaya, ya warke. Ni na haƙa ramin, ni kuma na rufe shi da hannuna a kan bawan Allah.

Finjalin yana nan a kife. Kullum ni ke wanke farantin, Baba ya ce kar in kuskura in taɓa wancan.

Matarka,
Ɗelu

Madarumfa, 13 ga Mayu 1994

Baban Nafisa,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya aiki, ya haƙuri da mu? Nafisa ta yi zawo amma ta warware.

Ba ni da labari mai daɗi. An daina sayen salak da na'a-na'ar Baba Ishaya. Wasu da ba a san ko su wa ba sun tumɓuke masa shukar kwami shida, sun cusa ƙasa a rijiyar lambun. Matan unguwa in matarsa Inna Abigail ta zo famfo sai su janye bokitinsu. Matar da ta karɓi haihuwar rabinsu! Ita ta yanke wa Nafisa cibi, kai shaida ne.

Baba kuwa ya ƙara wuta. Mamman ya kawo masa kofi na gwangwani, wai daga Abijan, ya ce yana buɗe ido. Yanzu cokali guda yake zubawa cikin dafuwar farko. Na ɗanɗana abin da ya rage a buta, ɗaci kamar maɗaci da ƙaurin ƙonanniyar gyaɗa, zuciyata ta yi ta bugawa har magariba. Haɓon ya dawo. Shekaranjiya na ga jini a hannun rigarsa, ya naɗe don kar a gani.

Na saci jiki na je wurin Baba Ishaya da hantsi. Na durƙusa ina kuka. Shi ya riƙa ba ni haƙuri, ka ji fa. Ya ce in tashi in koma gida. Ya ce shi tsoho ne, in an zage shi zai koma Maradi wurin ɗansa Yoshiya ya ƙarasa kwanansa. Amma surukar da aka ce tana zuba wa uban mijinta abu a shayi, ba ta da sauran zama a garin nan, har 'yarta sai an goranta mata. Abu ɗaya ya roƙe ni: in san yadda zan yi in raba Inusa da kofin nan, don zai kashe shi. Mutumin da aka zubar wa shayi a gaban jama'a, damuwarsa ke nan.

Su Baba Ishaya sun sa ranar tashi. Bayan Sallar layya da kwana uku kamyo, babbar motar kaya, zai zo ya kwashi kayansu.

Ka ce in jira ka. Yaushe? Sai ruwa ya sauka, lokacin an rufe gidansu da kwaɗo? Ban taɓa tsallake maganarka ba tun da aka kawo ni gidan nan, amma wannan ba zan iya ba. In na ɗaga farantin nan na ga finjalin a kife, sai in ji kamar ni aka kife. Zan fito in faɗi gaskiya. Na san abin da zai iya biyo baya. In Baba ya ce in bar masa gida, ba zan ga laifinsa ba, kai ma ba zan ga naka ba. Nafisa kawai nake roƙo kar a raba ni da ita tun tana shan nono.

Ka yafe mini. Ka yi mini addu'a.

Ɗelu

Madarumfa, 27 ga Mayu 1994

Maigidana,

Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Ina fata ka samu nama a can, ba ka yi Sallar gwauraye da burodi ba. Muna lafiya. Daga ɗakina nake rubuto maka, ka kwantar da hankalinka ka karanta har ƙarshe.

Washegarin Sallah bayan la'asar, majalisa ta cika har da baƙi daga garin Gabi. Na ɗauki faifaina, na zuba sauran busasshen ganyen da gezar da na ɓoye a tukunya, na yafa mayafi na fita ƙofar gida. Ka san ban taɓa tsayawa gaban majalisar nan ba. Na durƙusa na ajiye faifan gaban Baba, na faɗi komai: abin da anfirme ya ce, yadda na tafasa, inda na shanya, da yadda Baba Ishaya ya hana ni yi a ɓoye na ƙi ji.

Mamman ya fara cewa ai ƙila turo ni aka yi, limami ya daka masa tsawa ya yi shiru. Baba ya ɗebi ganyen ya tauna, ya daɗe yana taunawa. Tambaya ɗaya ya yi mini, ko Ishaya ya san ni ce ranar da aka kife finjalin. Na ce ya sani. Sai ya sauke butar daga wuta, ya shige ɗaki. Ranar ba a sha shayi ba.

Kwana biyu bai ci tuwona ba, bai amsa gaisuwata ba. Na ƙulle kayana a zane ina jiran hukunci. A famfo kuwa, yanzu bokitina ake gudu.

Ran Talata da safe na ji kamyo ya wuce unguwar su Baba Ishaya. Can sai ga Baba ya fito, faranti a hannu ɗaya, murhu a ɗaya, bai kira kowa ya taya shi ba. Na goya Nafisa na bi shi daga nesa, don tafiyarsa tangaɗi take yi. Ya tarar an riga an ɗora gado da buhunan gero. Ya zauna a ƙasa gaban tayar kamyon, cikin rana, ya hura gawayi. Direba na ta hon, Baba ko waiwaye. Mutane suka taru.

Da shayi ya nuna, ya sa hannu ya ɗaga finjalin nan. Wata guda a kife, har ya yi zobe a kan farantin. Ya wanke shi da kansa, ya cika, ya miƙa da hannu biyu. Shayi na zuba a yatsunsa, bai sauke ba.

Baba Ishaya ya tsaya yana kallonsa. Sai ya ce ba zai karɓa ba. Ya ce ba zai sha abin da zai kashe masa aboki ba, in dai Inusa na so ya sha daga hannunsa, to a zubar a dafa geza. Kai, da ka ga fuskar Baba! Ya dubi butarsa, ya dubi jama'a. Sannan ya tuttular da dafuwar farko gaba ɗaya a ƙasa. Inna Abigail ta kwance ƙullin kayanta ta kawo ganyen. Baba Ishaya ya sha na farko, Baba ya sha na biyu yana yamutsa fuska, ya ce har yanzu ruwan wankin tukunya ne. Baba Ishaya ya ce a ƙara masa citta da lemun tsami, zai saba. Suna faɗa suna share ido. Mamman na cikin waɗanda suka sauke gadon, kansa a ƙasa.

Lambun dai ya lalace, bana babu abin da zai fito. In ka dawo, kai za ka yashe rijiyar nan, na riga na yi alkawari da sunanka.

Ni kuwa har jiya Baba bai dube ni ba. Yau da hantsi ina daka, sai na ga inuwa a bakin zana. Ya ajiye gwangwanin shayinsa da na kofin a ƙasa. Ya ce kofin in mayar wa Mamman abinsa. Shayin kuma, daga yau ni zan riƙa auna masa, yadda anfirme ya ce, in haɗa da abin da na ga dama. Har ya juya zai tafi, sai ya tsaya ya ce, "Amma a gabana, 'yar nan. A gabana."

Na kwance ƙullin kayana. Ka taho mana da citta mai kyau.

Taka har kullum,
Ɗelu