Ranar da Aka Cire wa Baba Igiya

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa albarka a aikinka, ya raya mana yara. Mu nan duk lafiya lau. Ƙafar Mama ta yi sauƙi har tana hawa bene ba mai riƙe ta, sai dai rigimarta da mai gyaran famfo ba ta ƙare ba, don har yau kicin yana ɗiga. Maigidana ya gama kwas ɗinsa, yana gaishe ka da kyau.

Na zaɓi in rubuto maka ne maimakon in kira, saboda kai ba ka barin mutum ya kai ƙarshen zance. Maganar Baba ce da ƙananan jiragen nan nasa da ake tuƙawa da rimot, waɗanda ka ce a wasiƙarka a raba shi da su. Ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe, sannan ka yanke hukunci.

Ka san shekara talatin da huɗu Baba ya yi yana jan tirela, rana ɗaya likita ya ce ya ajiye makulli saboda rawar da hannunsa na hagu ke yi. Abin da ba ka gani ba shi ne abin da ya biyo baya. Kujerar nan mai laushi da ka aiko masa, da kyakkyawar niyya na sani, ya shige cikinta shekara guda cur. Ba hira, ba fita, ko rediyo ba ya kunnawa. Mutumin da muryarsa ke cika gida ya koma sai an tambaye shi sau biyu kafin ya amsa. Wallahi na ji tsoro, Yaya, na ɗauka a zaune za mu rasa shi.

Maƙwabcinmu mai gyaran agogo ne ya ja shi wata Asabar zuwa filin ƙungiyarsu ta masu tuƙa ƙananan jirage, bayan tsohuwar masana'antar bulo. A can kowa Kyaftin yake ce wa maƙwabcin namu, alhali ko ƙofar jirgin gaske bai taɓa shiga ba. Su kusan ashirin ne, da likitan haƙori, da malamar lissafi, da wasu tsofaffi masu gardamar tsiya. Suna da kwantena ɗaya da suke ajiye gam da batura, da ƙafar wani tsohon wando da suka ɗaura a kan sanda don ta nuna musu inda iska ta dosa. Dokarsu ita ce, sabon shiga ba ya tashi shi kaɗai. Ana haɗa rimot ɗinsa da na Kyaftin da wata doguwar waya da suke kira igiya, in ya rikice sai Kyaftin ya karɓe jirgin. In kuma abin ya zo da sauri jirgi ya faɗi, mai shi zai ɗauki baƙar leda ya taka shi kaɗai ya tsinto gutsattsarin ana yi masa tafi, sannan a kafe karyayyiyar farfelar a bangon kwantena. Farfelun Baba bakwai ne a bangon nan, ba wanda ya kamo ƙafarsa.

Kada ka ce hannun ne. Mama ta ɗinka masa maɗauri yana rataye rimot a wuya, rawar ba ta hana shi komai. Matsalar ita ce, idan jirgi yana tafiya gaba, hagunka hagunsa ne, amma da ya juyo yana fuskantarka sai abin ya juye, ka ja hagu ya yi dama. To Baba hannunsa ya saba da sitiyari, kuma ka san shi da taurin kai, ya rantse jirgin ne ba ya jin magana. Duk lokacin da ya zo sauka sai ya karkata shi ta inda bai kamata ba. Sau biyu ya yi gwajin da ake yi kafin a cire wa mutum igiya, sau biyun Kyaftin na karɓewa. Ana cikin haka wasiƙarka ta iso, da kake cewa bai dace dattijo kamarsa yana yawo da leda ana yi masa dariya ba. Ni na karanta masa, kuma na yi da-na-sani. Ya ce ƙila kana da gaskiya, zai gwada na uku, in ya faɗi ya haƙura ya koma kujerarsa. A raina na ji haushinka ƙwarai, gara in faɗa maka.

A makon gwajin Mama ta same shi a teburin cin abinci ya ɗora takalminta yana turo shi wajensa, yana juya faranti kamar sitiyari. Ta ce masa in tsufan ne ya zo da haka a gaya mata tun da wuri. Shi kuwa ya ce ya gano bakin zaren, wai jirgin da ke fuskantarka ba shi da bambanci da yin ribas da tirela, inda kake murza sitiyari gefe guda bodi ya tafi ɗaya gefen. Ya ce abin da ya yi sau dubbai a lungunan da ko keke ba ya son shiga, shi ne ya tsaya yana jin tsoro wata takwas.

Ranar Asabar muka je ni da Mama. Gwajin shi ne ya tashi, ya zagaya fili sau biyu, ya juyo ya sauka tsakanin fararen layuka biyu, kuma da Kyaftin ya taɓa nasa rimot ɗin shi ke nan an faɗi. Iska na kaɗa ƙafar wandon nan ba kaɗan ba, har likitan haƙori ya ba da shawarar a ɗaga zuwa wani makon, Baba ya ce shi bai taɓa fasa tafiya don iska ba. Jirgin ya tashi lafiya, ja da fari, wanda ya manne da hannunsa ya fi a ƙirga. Da ya juyo yana nufo mu sai iska ta ɗaga masa fiffike ɗaya, ya karkace, Mama ta damƙe mini hannu tana salati. Ina jin Baba yana ta maimaita ribas, ribas a hankali kamar mai lallashin yaro. Sai jirgin ya miƙe, ya yi ƙasa-ƙasa, ya taɓa ciyawa, ya ɗan yi tsalle sau ɗaya, ya gangara ya tsaya tsakiyar layukan. Muka waiwaya muka ga ashe Kyaftin hannuwansa na cikin aljihu tun ɗazu, rimot ɗinsa na reto a wuya.

Filin ya kaure da ihu. Kyaftin ya zare igiyar a gaban kowa ya naɗe ta ya miƙa masa, malamar lissafi ta rubuta sunan da suka laƙaba masa, Tirela, a allon masu tashi su kaɗai. Baba ya goge ido ya ce iska ce ta shigar masa. Ni kam ban ɓoye ba, kuka na yi sosai, don ban taɓa alfahari da shi kamar ranar ba. Yanzu har an ba shi sababbin shiga biyu yana koya musu dabarar ribas, muryar nan kuma ta dawo, sai Mama ta ce ya rage.

Ka gaishe mini da Anti da kyau, da 'yan biyu, da Kawu idan kun haɗu. Mama na sa muku albarka, ta ce a turo mata hotunan yara. Baba ma yana gaishe ka, kuma ya ba ni saƙo. Ya ce in gaya maka bai ji haushinka ba, ya san tausayi ne ya sa ka. Kujerar da ka aiko kuwa ya sa an ɗauke ta an kai filin, tana bakin kwantena masu kallo na hutawa a kai. Ya ce duk ranar da ka zo taka ce, ka zauna ka huta, shi zai tsaya ya tuƙa maka jirgi.

Wassalam, taka ƙanwa mai ƙaunarka,
Auta