Tiyon Ban Ruwa Na Sa Wa Janaretan Yayana

Assalamu alaikum mai shafi da masu karatu. A ɓoye sunana. Don Allah ku kai ƙarshe kafin ku zage ni, wanda nake yi wa kaina ma ya isa.

Ni mai gyaran janareta ne a Nasarawa, Birnin Kebbi. Tun da fetur ya yi tsada, aikina shi ne mayar da ƙananan janareta su koma shan gas ɗin girki. Ina da wa a Argungu, uwa ɗaya uba ɗaya, manomin shinkafa, bakinsa ba linzami. Ranar sunan ɗana, a gaban surukaina, ya shinshina rigata ya ce, "Wanga shekara goma yana warin mai, ko keke bai aje ba." Kowa ya yi dariya har da ni, amma wallahi maganar ta zauna mini a ƙirji.

Bayan sati biyu ya kawo ɗan janaretansa, wanda yake ɗaurawa a babur ya kai bukkarsa ta fadama lokacin noman rani. Ko zama bai yi ba ya ce, "Maishe shi gas, in ka iya." In na iya! Na sa masa kafireta mai kyau, amma da na zo kan tiyo sai na yanko tsohon koren tiyon ban ruwa maimakon mai kaurin nan na gas, shi kuwa bai san bambanci ba. Ban shafa ruwan sabulu na ga ko yana yoyo ba, abin da ko baƙo ba na sallama ban yi masa ba. So nake gas ya riƙa zurarewa, inji ya riƙa mutuwa, ya dawo ya roƙe ni. Ni da na san halin gas, wane irin tunani ne wannan?

Kwana biyar, da hantsi, ya ja igiya a cikin bukka, wuta ta tashi. Hannayensa biyu da gefen fuskarsa suka ƙone.

A asibiti ya ɗora wa matarsa laifin, don tukunyar gas ɗaya gare su, da ita take girki, ita ta kwance ta ba shi da safen. Ya juyo gare ni, "Kai ka san aikin. Ba ita tab ɓata kan tukunyar ba?" Ta zuba mini ido tana jira, matar da take aiko mini da busasshen kifi, take tsokanata da "ƙaramin miji". Na buɗe baki na ce, "Yaya, aikina lafiya lau yake. Ka san mata da ganganci." Nan take ya sake ta, saki ɗaya. Hannunsa ba ya riƙe biro, ni na rubuta takardar.

Yanzu kusan wata uku ke nan, ni nake ba shi tuwo a baki, yana hawaye yana cewa, "Ashe kai ne ɗan'uwa." In faɗa muku abin kunya? Daɗi nake ji. Mutumin da ya shinshina rigata yau sai na ɗaure masa wando.

Jiya matar tasa ta zo shagona. Ta kwance bakin mayafi ta ajiye guntun koren tiyo da ya narke, a tokar bukka ta tsinto shi. Ta ce, "Da irin wanga babana ke ban ruwan albasa. In ni na faɗi, za a ce ƙazafi nika yi don in koma ɗaki. Iddata saura kwana tara, ɗiyana na hannun mutane." Ba ta zage ni ba, ba ta kira ni ƙaramin miji ba, ta juya ta tafi.

In na faɗa, na rasa ɗan'uwa da sana'a, uwarmu ma ban san da idon da za ta dube ni ba. In na yi shiru, aurenta ya mutu da rubutun hannuna. Tiyon yana cikin aljihuna, yau saura kwana takwas. Jama'a, me zan yi?