Ishaya, Ka Juyo Daga Maraɗi

Zuwa ga Ishaya bakanike, a inda ka ɓuya a Maraɗi. Daga ni, babban Bishof na ƙasar Katsina baki ɗaya. Gaisuwa da fatan alheri. Ka cire hula kafin ka karanta.

Labarinka ya iso mini. Ranar da 'yan bindiga suka tare motar Magama suka harbe ƙanwarka Rahila, kai ka ɗauko gawarta bisa babur, jini na bin bayan rigarka.

Ranar kasuwa aka nuna Lawwali mai lodi a tasha, wai shi ke ba su labarin motoci. Jama'a suka rufe shi da duwatsu. Kai ka iso da ƙarfen cire taya, ka sauke mishi a ka, ƙarar kamar an fasa tulu. Ka ƙara, har ya daina kare fuska. Ka jefa ƙarfen cikin kwata, ka tsallaka iyaka ko takalmi babu.

Direbobi sun ce mini ka bar zuwa coci, kana cewa wai Allah ba zai kalli hannun da ya yi wanga aiki ba.

Ka tuna shaƙiyyin nan mai sayar da fetur a jarka gefen rumfarka, mai tsokanarka wai gafara ta yi arha a addininku? Ka ce mishi ba arha, da jinin Almasihu aka biya. Ka ba shi labarin ɓarawon da aka gicciye kusa da Yesu, ya amsa laifinshi yana bakin mutuwa, aka karɓe shi ranar. Ka ce tuba juyowa ce, ba kuka a ɗaki ba. Ko ƙarya ka shara mishi?

Mahaifiyarka Mama Saratu ta je ta durƙusa gaban uwar Lawwali, aka kore ta, ta sake komawa. Ta rame, Ishaya. Ta ce ba ta iya tuba a madadinka, sai ka zo da bakinka, ko da ankwa za ta biyo baya.

Allah Ya ji ƙan Rahila da Lawwali, Ya sanyaya zukatan iyayensu, Ya karɓi tubarka.

Kuma ni ba Bishof ba ne. Sanusi ne mai jarka, wanda karatunshi bai wuce allo ba. In ka ga sunana a sama cewa za ka yi tsiya ce, ka wuce. In ka iso kan iyaka ka kira ni. Ni zan raka ka gidan su Lawwali, in ana jifa mu raba.

Naka, Sanusi.